Ta Iya Canji a Tasha, Ta Faɗi Lissafi a Aji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tasha a Rogo ko Karaye ya san irin yarinyar nan mai shekara tara ko goma, da farantin yankakken rake a ka. In mutum ya ɗauki uku a kan naira ɗari da hamsin kowanne, ya miƙa mata dubu ɗaya, kafin ya mayar da hannu aljihu ta faɗa masa canjinsa ɗari biyar da hamsin ne. Ba ta riƙe fensir ba, kuma ba ta kuskure ba, domin kuskure a nan faɗa ne yake jiran ta a gida.

Washegari da safe tana zaune a aji huɗu. Malami ya rubuta 1000 a sama, ya rubuta 450 a ƙasa, ya ja layi. Amsar da yara da yawa kan rubuta a nan ita ce 1450, saboda sukan bi gida-gida suna cire ƙaramar lamba daga babba, ba tare da kula da wace ce a sama ba. Wato canjin ya fi kuɗin da aka bayar. Da a tasha wani ya faɗa mata haka, da ta yi masa dariya. A aji kuwa da hannunta ta rubuta, ba ta ji komai ba. Aka sa mata jan biro, aka ce ba ta da kan lissafi.

Wannan hukunci zalunci ne, kuma an bar jaki ana dukan taiki. Yarinyar tana da lissafi. Makaranta ce ta kasa haɗa abin da ke hannunta da abin da ke kan allo, alhali kayan da za a haɗa su da shi suna zube a bayan kowace makaranta a ƙasar Karaye da Rogo, ba a kuma sayen su.

Aku ma yana maimaitawa

A yawancin azuzuwan firamare na gwamnati, darasin lissafi yana da siffa ɗaya. Malami a gaban allo, yara a jere, wani lokaci a ƙasa, ana rera jadawalin sau da murya ɗaya cikin Turancin da ba a fahimta. Daga nesa abin yana da daɗin ji, kuma baƙon da ya zo wucewa zai ce ana karatu. Amma amo ɗaya yana ɓoye yara da yawa. Biyar na gaba ne suke jan baƙi, sauran suna bin sautin. A tsayar da yaro shi kaɗai a tambaye shi bakwai sau shida, sai ya koma farko ya faro waƙar daga bakwai sau ɗaya. A tambaye shi ko shida sau bakwai daidai yake da bakwai sau shida, sai ya yi shiru, domin waƙoƙi biyu ne daban a wurinsa.

Sakamakon a bayyane yake. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da tushen lissafi, wato karanta lamba, gane babba da ƙarama, tarawa mai sauƙi da cike gurbi a jerin lambobi. Aikin aji biyu da aji uku ke nan, kuma uku cikin huɗu ba su kai gare shi ba.

Tazarar da ke tsakanin tasha da aji an daɗe da auna ta. A wani bincike da aka buga a 1985, masu bincike uku, Terezinha Carraher, David Carraher da Analúcia Schliemann, sun gwada yara 'yan talla a birnin Recife na Burazil. A wurin ciniki sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Da aka rubuta musu lissafin iri ɗaya a takarda da alƙaluma zalla, suka faɗo zuwa kashi 37. A 2025 mujallar Nature ta buga wani bincike na su Abhijit Banerjee da Esther Duflo a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, ya sake nuna hakan, ya kuma ƙara da ɗaya gefen: ɗaliban da suka iya lissafin takarda sun kasa lissafin kasuwa. Ilimin ba ya tsallakawa da kansa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sai an gina masa gada, kuma ginin gadar shi ne aikin malamin firamare.

Yadda ake gina gadar

A ɗauki 52 a ɗebe 27. A tsarin da aka saba, ana ce wa yaro biyu ba ta iya fitar da bakwai, sai a ranto ɗaya daga maƙwabci. Ba a faɗa masa me aka ranto ba, ba a kuma faɗa masa dalilin da ya sa ɗayan da aka ranto ya zama goma ba, ballantana ranar da za a biya bashin. Doka ce kawai ya haddace, in ya manta ta sai ya ƙirƙiro tasa, ya rubuta 35.

Yanzu a ba yara biyar tarin tsinken tsintsiya ko sillen kara da zare. Su ɗaure goma-goma. Hamsin da biyu ya zama ɗauri biyar da tsinke biyu a kan tabarma. A ce su ba da ashirin da bakwai. Tsinke biyu ne a warwatse, ana neman bakwai, don haka ba sai an faɗa musu ba, wani cikinsu zai kai hannu ya kwance ɗauri ɗaya. Saura ɗauri huɗu da tsinke goma sha biyu. A fitar da bakwai, a fitar da ɗauri biyu, ga ashirin da biyar a gabansu. Babu wani rance a ciki. Canji ne, irin wanda yarinyar tasha take yi kullum in ta karya ɗari biyar zuwa ɗari-ɗari. Bayan an yi haka sau da yawa, sai a zana ɗaurin da tsinken a ƙasa ko a allo, daga nan a koma alƙaluma. Yaron da ya bi wannan hanya, in ya ga an soke 5 an rubuta 4, ya san ɗauri ne aka kwance.

Masanin Amurka Jerome Bruner ya tsara waɗannan matakai uku a 1966: aiki da hannu, sannan hoto, sannan alama. Singafo ta gina lissafin firamarenta a kan wannan tsari tun farkon shekarun 1980, kuma ɗalibanta suna sahun gaba a jarrabawoyin lissafi na duniya. Abin lura shi ne matakin farko bai buƙatar komai daga kanti. Bayan kaka, karan dawa da na masara har ƙona su ake yi. Ga marafan kwalba, ga 'ya'yan tsamiya, ga ƙwallon dabino, ga tsakuwa. Sandar rake mai gaɓa goma sha biyu ta isa darasin rabi da sulusi da rubu'i: gaɓa shida, gaɓa huɗu, gaɓa uku. Kwano da buhu sun isa darasin sau da rabawa, tunda ɗan manomi ya san buhu ba ya cika da kwano goma.

Kayan hannu kaɗai ba su wadatar, sai an haɗa da rabon rukuni. A aji huɗu guda ana samun wanda bai gane 7 a rubuce ba, da wanda ya gane lambobi amma ɗebewa ta gagare shi, da wanda ya shirya wa rabawa. Darasi ɗaya ba zai dace da su duka ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da mafita wadda yanzu ake kira TaRL, wato koyarwa daidai da matakin yaro: a yi wa kowane yaro ɗan gwaji na baka na 'yan mintoci, a raba su gwargwadon abin da suka iya ba tare da duban shekaru ko aji ba, a ware lokaci kullum a yi aiki a ƙananan rukunoni da ɗauri da tsinke, a sake gwaji, wanda ya iya ya haura.

Wai abin baƙo ne

Akwai masu ilimi da suke jin an ambaci Indiya da Singafo sai su ɗaga kafaɗa, su ce wata dabarar Turawa ce da ba za ta yi aiki a ƙauye ba. Waɗannan sun manta makarantar da suka fara shiga. A makarantar allo babu aji huɗu. Kowane yaro yana kan allonsa, a inda ya kai, kuma ba a wanke masa allo sai ya iya. Gardi yana biya wa titibiri, titibiri yana biya wa kolo, malam yana zagawa. Rabon yara gwargwadon mataki da sa na gaba ya ja na baya, ƙasar Hausa ta yi ƙarni da ƙarni tana yi. Boko ne ya zo da ɗabi'ar ciyar da yaro gaba saboda shekara ta zagayo, ko ya iya ko bai iya ba.

Ƙirga da hannu ma ba baƙo ba ne. Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a 1851, ya kwatanta yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar, a tara shi tsibi-tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Zangu wuri ɗari ne, keso wuri dubu ashirin. Fataken da suka riƙe kasuwar Kurmi da irin wannan ƙirga ba su yi jadawalin sau ba, amma sun san haɗa ƙanana su zama babba, su warware babba ya koma ƙanana, kuma wannan shi ne ƙashin bayan lissafin firamare gaba ɗaya. A sama da su akwai irin Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 kan hatimin lambobi, inda kowane layi yake ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Harshen kansa yana koyar da lissafi ga wanda ya saurare shi. Goma sha ɗaya, goma sha biyu: goman tana nan a fili, ɗauri ɗaya da tsinke ɗaya, ɗauri ɗaya da tsinke biyu. Kalmomin Turanci na 11 da 12 ba su nuna wa yaro wannan goman ko kaɗan. Ashirin babu ɗaya ɗebewa ce cikakkiya a cikin sunan lamba, kuma tsohuwar ƙirgar gomiya biyu, gomiya uku, sau ce a bakin kaka. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare. Ko me takarda ta ce a Abuja, yaron aji biyu a Rogo da Hausa yake tunani, kuma malamin da ya hana shi bayyana yadda ya kwance ɗauri da harshen da ya iya ya ɗora masa kaya biyu a tafiya ɗaya.

Wai yara sun yi yawa

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kowa ya san azuzuwan karkarar Kano da yawa sun ninka haka. Ana buƙatar ƙarin malamai, babu musu. Sai dai yawan yara hujja ce a kan tsohon tsari kafin ta zama hujja a kan sabo. Malami ɗaya a gaban yara tamanin yana magana ne da layin gaba. In aka raba su goma-goma ƙarƙashin inuwar darbejiya, kowane rukuni da tarin karansa da jagoransa daga cikin yaran da suka riga suka iya, hannu tamanin ne yake aiki a lokaci ɗaya, kuma malami yana ganin kuskure a inda yake faruwa. Za a yi hayaniya. Ajin da ake gardamar ko a kwance ɗauri ko kada a kwance ya fi ajin da ya yi tsit ana kwafar abin da ba a gane ba.

An kuma gwada abin a cikin Jihar Kano. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, haɗin gwiwar Ma'aikatar Ilimi, SUBEB, Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, hukumar British Council da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Yaran aji huɗu zuwa shida ne aka raba gwargwadon mataki, malaman gwamnati ne suka koyar, a makarantun gwamnati, da Hausa a matsayin tsani. Rufe makarantu saboda korona a 2020 ya katse aikin, aka koma rediyo da takardun aikin gida. Amma an horar da malamai da masu horarwa, kuma suna nan cikin jihar. Daga Dawakin Tofa zuwa Karaye ba a buƙatar biza.

Akwai gargaɗi a tarihin wannan tsari da ya kamata a riƙe. Lokacin da aka gwada shi a jihohin Bihar da Uttarakhand na Indiya ta hanyar raba kayan aiki da horar da malamai kawai, bai canza komai ba a lokacin zangon karatu, domin malamai sun koma bin manhaja kamar yadda suka saba. Ya yi aiki a Haryana bayan an ware masa sa'a guda kullum, aka kuma sa jami'an sa ido su fara koyar da shi da kansu kafin su duba wasu. Ya yi aiki sosai a Uttar Pradesh, a karatu da lissafi, inda aka yi zaman koyo na kwana goma-goma a cikin makarantu. Darasin shi ne taron bita na kwana uku a otal da buhun kayan wasa ba su sauya aji. Haka kuma tsinken da ba a kai shi ga alƙaluma ba wasa ne kawai. Dole malami ya san ranar da zai janye karan ya bar yaro da fensir.

Kara ba shi da kwangila

In abin yana da arha, an kuma san shi, me ya hana shi yaɗuwa? Arhar tasa tana daga cikin matsalarsa. Ginin aji yana da kwangila, yana da allon sanarwa, yana da ranar yanke ƙyalle. Kwamfutar hannu tana da hoton da za a sa a Facebook. Tarin kara a kusurwar aji ba ya kawo wa kowa kamasho, kuma babu ɗan siyasar da zai ƙaddamar da shi.

A Yuni 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma jihar ta ware wa fannin kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin wannan shekarar. Rufi da benci da malamai duk wajibi ne, kuma yaron da ruwan sama ke dukansa a aji ba zai koyi komai ba. Sai dai ana iya zaunar da yaro a sabon benci ƙarƙashin sabon kwano ya shekara shida yana rubuta 1450. Ma'aunin dokar ta-ɓaci ya kamata ya zama yawan yaran aji huɗu da suka iya ɗebewa a ƙarshen zango idan aka kwatanta da farkonsa, makaranta-makaranta.

Tsarin duba makarantu ma yana da hannu. Sufeton da ya zo ya buɗe littafin shirin darasi, ya duba ko an kai mako na bakwai a manhaja, ya sa hannu ya tafi, ya koya wa malami cewa gudu ake so. Malamin da ya tsaya ya koma baya don yaran da aka bari shi ne zai amsa tambaya. Muddin haka abin yake, babu malamin da zai zauna a tabarma yana ɗaure tsinke.

Abin da ake asara

Karaye da Rogo ƙasar noma ce. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana cikin ƙaramar hukumar Karaye, kuma noman rani da na rake da masara duk lissafi ne: kuɗin taki, man injin ban ruwa, ladan 'yan ƙwadago, farashin buhu a kaka da farashinsa a bazara. Manomin da bai iya karanta takardar bashi ba, wani ne zai karanta masa. Zakkar amfanin gona ɗaya bisa goma ce in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa aka shayar. Rabon gado yana tafiya da sumuni da sudusi da sulusi, kuma yaron da ya taɓa raba tsakuwa ashirin da huɗu ya ga sumuni uku ne, sudusi huɗu, ba zai zauna a gaban masu rabo kamar kurma ba. Matar da aka ce mata sumuninta kaza ne tana da haƙƙin ta iya auna maganar da kanta. Daga nan kuma a tuna cewa babu mai shiga karatun likita ko jinya ko injiniya sai da kiredit a lissafi, kuma ƙofar takan rufe tun aji uku, shekara tara kafin ranar jarrabawa.

Wa zai yi me

Ƙananan hukumomin biyu mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai, kuma tun Yuli 2024 su ne ƙasar masarautar Karaye. Wannan ya sa sun dace da gwaji guda mai iyaka. SUBEB da sakatarorin ilimi na Karaye da Rogo suna iya ware sa'a ɗaya kullum a jadawalin firamare wadda ba a taɓa ta, a yi gwajin baka a makon farko na zango, a raba yara, a maimaita gwajin a ƙarshe, a liƙa sakamakon a ƙofar ofishin hedimasta inda iyaye za su gani. Jami'an sa ido su fara riƙe rukuni da kansu na 'yan makonni, kuma in sun je duba makaranta su kira yara biyar su ba su ɗebewa kafin su buɗe kowane littafi. Kwamitocin SBMC da dagatai da masu unguwanni su ɗauki nauyin kara da tabarmi da zare, wanda bai kai kuɗin abincin taron siyasa guda ba. Kwalejojin horar da malamai su daina yaye ɗalibin da bai taɓa koyar da ɗebewa da ɗauri a gaban yara na gaske ba.

Saura 'yan asalin yankin da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda 'ya'yansu suke makarantun kuɗi inda ake sayen irin wannan tsinke na roba mai launi da tsada, ana kiran sa Montessori. Ƙungiyoyin ci gaban gari sun saba da raba littattafan rubutu masu hoton mai bayarwa a bango. Da a ce rabin wannan kuɗi zai tafi ga ɗauko malamin da ya ƙware daga Wudil ya zauna mako biyu da malaman mazaɓa ɗaya, da an ga bambanci kafin zango ya ƙare.

Wanda yake shakka yana iya gwadawa da kansa in ya je gida hutun Sallah. Ya kira ɗan ƙaninsa ko 'yar maƙwabci da ke aji biyar, ya rubuta 52 a sama, 27 a ƙasa, ya miƙa fensir. In amsa ta fito 35, kada ya yi faɗa, kada kuma ya ce yaran yanzu ba su da kai. Ya aika a ɗauko tsintsiya da zare, ya zauna a tabarma, ya ga minti nawa za a ɗauka kafin yaron ya kai hannu ya kwance ɗauri.